Neman izinin mayar da gida ɗaya zuwa filat huɗu ya maƙale

Assalamu alaikum. Ina da fuloti mai mita 15 a 30 a cikin birni, da takardar mallaka ta gwamnatin jiha wadda ta ce wurin zama ne. Ina so in rushe tsohon gidan in gina bene mai filat huɗu, biyu ƙasa biyu sama.

Zanen farko an dawo da shi saboda ginin ya matse katangar maƙwabta. Aka gyara: mita 6 a gaba, mita 3 a baya da kowane gefe. Abin da ya rage na gini mita 9 a 21 ke nan, ga matakala a ciki, dole kowane filat ya koma ɗaki biyu da falo. Sokawe ta koma baya, gaba ya zama wurin ajiye mota huɗu. Injiniya mai rajista ya sa hatimi, sakamakon gwajin ƙasa ma yana cikin fayil.

Duk da haka hukumar tsara birane ta ƙi. Wai a taswirar unguwar, layinmu na gida ɗaya ne a kowane fuloti, in je ma'aikatar filaye. Can kuma suka ce ba sauya amfani ba ne, tunda zama ne zuwa zama. Kuɗin duba zane na biya, sanarwar tashi da na ba mai haya kuma tana gab da cika.

Wace takarda ake nema don ƙara yawan gidaje a fuloti ɗaya, kuma wane ofishi ne ke fara sa mata hannu?