Wace kalma za mu sa wa property: dukiya, hali ko siffa?

1/ Malamai masu koyar da firogiramin da Hausa, mu tsayar da magana ɗaya a kan kalmar property, wato bayanin da abu ke riƙe da shi a cikin firogiram, kamar launin mota. Ɗalibi ya ji wannan malami ya ce dukiya, wancan ya ce hali, ya koma gida kansa a ɗaure. Ni dai na tsaya a kan siffa.

2/ Dukiya da kadara ku ajiye su gefe. Wannan ma'anar ta kotu ce da rabon gado. Launin mota ba dukiyarta ba ne.

3/ Hali ya fi kusa, shi ya sa ya fi haɗari. In aka ce halin mutum, abin da yake aikatawa ake nufi. To a tsarin da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka kawo da harshen Simula 67 a Norway, kilas, wato zanen da ake ƙera abubuwa iri ɗaya a kansa, abu biyu yake ɗauke da su: bayanan da abu ke riƙe da su, da ayyukan da yake yi. In muka ba bayanai sunan hali, me za mu kira method, wato aikin da abu ke yi? Mota tana da launi da nauyi, waɗannan siffofi ne. Tana tashi, tana tsayawa, waɗannan ayyuka ne. Ɗalibin da ya yi nahawun Hausa ya riga ya san bambancin siffa da aikatau, sai mu ɗora a kan abin da ya sani.

4/ Wani zai ce lambar mota ai ba siffa ba ce. Haka ne a maganar yau da kullum. Amma duk abin da za ka faɗa don a gane wannan motar daga waccan, siffanta ta ka yi, kuma wannan ya wadatar.

5/ Inda na fi damuwa shi ne siffa iri biyu ce, kuma nan ɗalibai ke faɗuwa. Akwai wadda duk motoci suka yi tarayya a kanta, wadda harshen Java ke yi wa alama da static. Ita na kira siffar tarayya. Akwai wadda kowace mota ke da tata, keɓaɓɓiyar siffa. A harshen Python, ɗalibi ya rubuta fasinjoji = [] kai tsaye ƙarƙashin sunan kilas, ya ƙera mota biyu, ya saka fasinja a ta farko da append, ya duba ta biyu ya tarar da shi zaune a ciki. Jerin guda ɗaya ne, na kowa. Da an gaya masa tun farko cewa siffar tarayya ya rubuta, da ya san wurin keɓaɓɓiyar siffa cikin __init__ ne, inda ake shirya kowace sabuwar mota, da self (wato motar kanta) a gabanta.

6/ Saura wadda harshen C# ke yi da get da set, Python kuma da @property, mai bincika ƙima kafin ta karɓa, ta ƙi nauyin da ya gaza sifiri. Na sa mata siffa mai gadi, amma sunan bai gama kwanta mini ba. Wanda ke da wanda ya fi shi, ya kawo mu gwada a aji.