Yunwa da kuɗin mota na raba ɗalibanmu da karatu, ina mafita?

Malamin Kwaleji:
Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata kwalejin ilimi da ke karkarar Jigawa, kuma shawara nake nema a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, hatsi ya bi bayansa, sannan rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 ya durƙusar da cinikin kasuwar Maigatari na tsawon watanni, alhali da ita iyayen ɗalibanmu da yawa suka dogara. A zangon da ya gabata wani ɗalibina na shekarar ƙarshe ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar darasi, da ya farfaɗo abokin kwanansa ya shaida mana cewa kwana biyu ke nan bai sa komai a cikinsa ba sai garin kwaki da ruwa. Waɗanda muka tura koyon aikin koyarwa a ƙauyuka kuwa, wasunsu a ƙafa suke zuwa su dawo. Mu malamai mun kafa ɗan asusu a tsakaninmu, amma ba ya kai mu tsakiyar wata, domin mu ma kasuwa ɗaya muke ci da kowa. Wace hanya ce za ta ɗore, wadda mutanen gari za su sa hannu a cikinta?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri. A ganina kuskurenku shi ne kuɗi kuke tarawa, alhali kuna zaune a tsakiyar manoma. Mutumin ƙauye zai iya yi maka rantsuwa cewa ba shi da naira dubu a aljihu, kuma gaskiya ya faɗa, amma idan ka same shi a bakin masussuka da kaka ba zai hana ka kwano biyu na gero ba. Saboda haka ku jira kaka, ku je wurin dagaci da limamin Juma'a, a yi shela cewa kwaleji ta kafa rumbun ɗalibai. Kuɗin asusun naku ma ku daina raba shi wata-wata, ku tara shi ku sayi gero da dawa da wake a lokacin da suka fi araha, ku ajiye har bazara ta shigo, domin daga nan zuwa tsakiyar damina ne farashi ke hawa kuma rumbunan gidaje ke ƙarewa. Wake ku zuba shi a buhun PICS, wato buhun ajiya mai ninki uku da ba ya barin iska ta shiga, ƙwari ba sa taɓa shi kuma ba ya buƙatar magani. Ɗakin ajiya a sa masa kwaɗo uku, mabuɗi ɗaya a hannun malami, ɗaya a hannun wakilin ɗalibai, ɗaya a hannun mutumin gari. Wannan ba zargin kowa ba ne, amma na ga ƙungiyoyi masu kyakkyawar niyya da suka watse saboda buhu ɗaya da aka rasa inda ya shiga. Ku kuma nemi manyan manoma su kawo zakkarsu ta hatsi can.

Mai Abinci a Bakin Kwaleji:
Baba Hedimasta ya yi magana mai kyau, sai dai akwai abin da nake so Malam ya sani. Shekaruna sun fi goma ina sayar da shinkafa da wake a ƙofar wata kwaleji a nan Kano, kuma ɗalibin da yunwa ta fi ci ba ya shiga layi. Sai an watse yake zuwa, ya gaishe ni, ya tsaya yana duban ƙasa, sannan ya tambaya ko akwai sauran ƙanzo. Idan kuka tara su a fili kuna miƙa leda ana ɗaukar hoto, wallahi irin waɗannan yaran ba za su zo ba, gara su kwana da yunwa. Kowace mai abinci tana da littafin bashi. Ku zo a asirce ku biya, ko ku ba mu hatsin mu dafa, yaro ya ci kamar kowa ba tare da abokinsa ya sani ba. 'Yan mata kuma a ɗora malama mace a kan lamarinsu, domin ba za su buɗe wa namiji cikinsu ba, kuma akwai marasa tsoron Allah da ke fakon irin wannan hali. Kada a manta da masu shara da masu gadi, su ma 'yan kwalejin ne.

Tsohon Ɗalibi:
Malam, ku duba batun bashin karatu na NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya na bai wa ɗalibai rance, wanda aka fara karɓar masu nema a watan Mayun 2024. Babu kuɗin ruwa a kansa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ɗalibi kuma yana samun naira 20,000 a wata na hidimar yau da kullum. Ana buƙatar lambar JAMB da NIN da BVN, kuma sai makaranta ta ɗora bayanan ɗalibanta. Da yawa a ƙauye sun ji labarinsa, amma rashin intanet da tsoron kalmar bashi sun hana su nema. Malami ɗaya da kwamfuta ɗaya na tsawon mako guda zai taimaki ɗalibai masu yawa.

Ɗalibin Fiƙihu:
Ina da ƙarin bayani a kan zakkar da Baba ya ambata. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, na noman rani da aka ba ruwa da inji kuma ɗaya bisa ashirin, idan amfanin ya kai nisabi. Waɗanda suka cancanci karɓa an lissafa su a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma ɗalibi matalauci yana cikinsu saboda talaucinsa. Amma zakka haƙƙin mai karɓa ce, don haka a ware buhunanta daban, a miƙa ta ga masu ita da wuri. Hatsin sadaka da wanda kuka saya da kuɗin asusu shi ne za ku iya ajiyewa har bazara ko ku sayar da rangwame.

Malamin Kwaleji:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, maganarki ta sa na ji kunya, domin rabon da muka yi na baya a fili muka yi shi, kuma yaron da ya faɗi a aji bai zo ba. Gobe da yamma zan je wurin masu abincin ƙofarmu in nemi ganin littattafansu, ranar Juma'a kuma bayan an sauko daga masallaci ni da abokan aikina biyu za mu kai wa dagaci maganar rumbun.