Ta yaya zan nemi a ba ni ɓangaren likitoci?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata masu aikin samo wa asibitoci ma'aikata, ina neman shawararku.

A kamfaninmu ni ke riƙe da ɓangaren nas-nas da ungozomomi. Ni ke tantance lasisin kowace, in kira asibitin da ta baro, in zauna da ita mu duba jadawalin aikin dare kafin ta sa hannu. Shi ya sa waɗanda na kawo ba kasafai suke ajiye aiki a watannin gwaji ba, kuma a nan kamfani ke samun kuɗinsa, domin idan ma'aikaciya ta tafi da wuri sai mun kawo wa asibitin wata a madadinta ba tare da an biya mu ba.

Amma ɓangaren ƙwararrun likitoci, inda kamasho ya fi tsoka kuma daga nan ake ɗaga mutum zuwa shugabanci, maza kaɗai ake ba wa. Da na yi wa shugabanmu magana sai ya ce na iya lallashi, nas-nas sun saba da ni, cire ni asara ce. Wato ƙoƙarina ne ya ɗaure ni wuri guda, abin yana ci mini rai.

Na fara tattara alƙaluman aikina a rubuce. Shin in kai masa su kai tsaye, ko in fara neman wata babba a kamfanin ta tsaya mini? Wadda ta taɓa tsallake wannan, don Allah me kika ce, kuma wa kika bar wa ɓangarenki?