Sulallan jabu a gwanjon intanet: me ake dubawa kafin a taya?

Sabon Ɗalibi

Assalamu alaikum manyanmu. Akwai wata dalar azurfa ta Amurka, irin wadda ake kira Morgan, a gwanjon eBay. Shekarar da ke jikinta 1893, da harafin S, alamar gidan bugu na San Faransisko, a bayanta. Hoto biyu kacal aka sa, gaba da baya, kuma ba su fita tangaran ba. Mai kayan ya rubuta cewa gado ya ci, shi bai san kan sulalla ba, kuma in an saya ba a mayarwa. Saura kwana ɗaya a rufe gwanjon, amma tayin da ke kanta bai ko kama ƙafar kuɗin da aka saba sayar da irinta ba. Me zan duba a hoto da kuma shi mai sayarwar? In har ta zo hannu, wane gwaji mutum zai iya yi a gida? Allah Ya ƙara basira.

Baban Zainab

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A taƙaice, kada ka taya.

Guda 100,000 kawai aka buga na 1893-S a San Faransisko, ita ce mafi ƙaranci a duk Morgan da aka buga don kashewa. Duk mai tara sulalla ya san da ita. Irin wannan kaya ba ya kwana da araha a gwanjon da dubban idanu ke kallo. In ka ga masana sun wuce ta sun bar maka, sun ga abin da ba ka gani ba ne.

Wannan zance na "gado na ci, ban san kansu ba" garkuwa ce. Yana so in asiri ya tonu ya ce ai tun farko ya faɗa. Amma ka lura, wanda bai san kan sulalla ba ya san ya rubuta shekara da harafin gidan bugu a kanun talla.

Shiga shafinsa ka duba abin da ya riga ya sayar, ba yawan makin yabon da abokan ciniki suka ba shi ba. Ana tara maki ɗari ta hanyar sayen tarkace masu arha, don haka ka ware shaidar da ya samu a matsayin mai sayarwa, ka ga ko sulalla ya sayar. In asusun ya shekara biyar yana sayar da kayan yara, ya yi shiru tsawon lokaci, sannan kwatsam ya ɓullo da sulalla masu tsada guda ashirin a dare ɗaya, akwai yiwuwar sace asusun aka yi. In kuma ka tarar ya sayar da wata 1893-S a watan jiya, wata kuma a watan da ya gabace shi, magana ta ƙare.

Ɗauki hoton ka saka a manhajar neman hoto irin Google Lens ko TinEye. Sau da yawa za ka same shi a kundin wani babban gidan gwanjo, an sato an rage masa haske. Sai ka roƙe shi sabon hoto: sulen a kan takarda da aka rubuta sunan asusunsa da kwanan wata da hannu, da hoton gefen sulen, da wani a kan sikeli yana nuna nauyi. Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan. Ɗan damfara zai ce kayan na banki, ko ya yi tafiya, ko kyamararsa ta lalace.

Duba jerin masu tayi kuma. Asusun da ba shi da tarihi, wanda kusan duk tayinsa a kan kayan mutum ɗaya yake, yana ƙara kaɗan-kaɗan har ya gano iyakarka sannan ya janye, wannan ɗan kore ne, ko kuma mai kayan ne da kansa. Bayan an rufe, in saƙo ya zo maka cewa wanda ya ci ya fasa, ka biya ta bayan fage a rage maka, share shi. Da zarar kuɗi ya fita ta tura wa a banki, ko kirifto, ko katin kyauta, ko zaɓin 'yan'uwa da abokai na PayPal, ba ka da wurin kai ƙara.

Mai Sikeli

Na yarda da Baban Zainab. Bari in ɗauki ɓangaren gwaji, don zai yi maka amfani a wasu sulallan.

Kayan aiki huɗu ne: sikeli mai auna har 0.01 na giram, kalifa (ma'aunin faɗi da kauri) ta dijital, gilashin ƙara girma mai ninki 10, da ƙaramin maganaɗisu na niyodimiyam. Ka samu kalifar roba in da hali, ta ƙarfe tana karce sule.

Morgan ta gaskiya nauyinta giram 26.73, faɗinta milimita 38.1, kaurinta wajen 2.4. Kashi 90 azurfa ce, kashi 10 jan ƙarfe. Wadda ta sha hannu har zanenta ya shafe tana iya rasa wani ɓangare na giram, wannan ba laifi. Amma a ce gashin kan matar da ke gaban sulen ya fito sili-sili kamar yau aka buga, sikeli kuma ya nuna 24 ko 25, jabu ce.

Dole a auna ukun tare, ga dalili. Tagulla ba ta kai azurfa nauyi ba. In maƙerin jabu ya daidaita faɗi da kauri, nauyi zai gaza. In ya matsa sai nauyi ya cika, kauri zai tashi zuwa wajen 2.9. Ba ya iya cin ukun da ƙarfe mai arha. Mutane da yawa sikeli kaɗai suke ɗorawa, su ga 26.7, su yi murna.

Sai gwajin ruwa. Auna sulen a bushe ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili. Ɗaure sulen da siririn zare, ka nutsar da shi gaba ɗaya ba tare da ya taɓa gindi ko bangon kofin ba, ka karanta lambar. Raba nauyin farko da wannan lamba. Ga Morgan, lambar cikin ruwa za ta kasance wajen 2.58, sakamakon rabawa kuma wajen 10.3. Jan ƙarfe zalla 8.96 yake bayarwa, tagulla ƙasa da haka, dalma 11.34. Abin da ke ɓata gwajin shi ne kumfar iska da ke maƙalewa a jikin sule ko a ƙullin zare, sai ka girgiza shi a hankali ta tashi. Ga ƙaramin sule kamar fam ɗin zinariya na Ingila, mai giram 7.98 da faɗin milimita 22.05, lambar cikin ruwa ba ta kai rabin giram ba, kuskuren 0.01 ko 0.02 yana karkatar da sakamako sosai. A nan sai sikeli mai 0.001. Ka busar da shi ta hanyar danna kyalle mai laushi, kada ka goge.

Da gilashi, fara daga gefe. Sule na gaskiya bugu ne, ana matse ƙarfe tsakanin hatimai biyu da ƙarfi mai yawa. Jabun zubi kuwa narkakken ƙarfe ake zubawa a cikin ƙira, saboda haka yakan bar siririn layi a gefe inda ɓarin ƙirar biyu suka haɗu, ko alamar goga inda aka share layin. Fuskarsa na da ƙananan ramuka da ƙuraje na kumfa, haruffa sun yi dagwalgwal, bakinsu ba kaifi. Yakan ɗan gaza faɗi ma, domin ƙarfe yana tsukewa in ya huce.

Abu na ƙarshe mai sauƙi: riƙe sulen Amurka fuska a tsaye, ka juya shi daga sama zuwa ƙasa. Bayan ya kamata ya fito a tsaye. In mikiyar da ke bayan ta fito a kife, ka ƙara sa ido.

Hajiya Mai Gilashi

Sannunku da ƙoƙari. Malam Mai Sikeli, ka ambaci maganaɗisu ba ka yi bayaninsa ba, kuma a nan ne sababbi suka fi ruɗewa. In ya manne, jabu ce, ba gardama, don azurfa da zinariya ba sa kama shi. In bai manne ba, ba ka tabbatar da komai ba, tagulla da dalma ma ba sa kamawa. Har gwajin da ake jingina sule a karkace a saki maganaɗisun ya gangaro a hankali, jan ƙarfe ma haka yake rage masa gudu, saboda shi ma yana ɗaukar lantarki sosai. Jan ƙarfe da aka yi wa ruwan azurfa zai tsallake.

Gwajin ruwa ma akwai masu kauce masa. Ƙarfen tungistan 19.25 yake, zinariya zalla 19.32, sikelin gida ba zai raba su ba. Molibdinam kuma 10.28, dab da azurfa.

Amma abin da nake so ɗan'uwanmu ya gane shi ne, a kan sule irin 1893-S duk waɗannan gwaje-gwaje na iya fitowa daidai kuma a cuce ka. Darajarta ba a azurfar take ba. Azurfar da ke ciki ba ta kai komai ba kusa da kuɗin sulen, don haka mai jabun da ya san aikinsa da azurfa ta gaskiya zai buga. Ko ma ya huta da bugun: ya samo 1893 ta Filadelfiya, wadda ba ta da harafi, ya yanko S daga wani sule mai arha ya liƙa. Nauyi daidai, faɗi daidai, sauti daidai, domin sulen na gaske ne. Harafin ne kawai baƙo.

Wurin harafin yana baya, ƙarƙashin damin ganye, saman D da O na kalmar DOLLAR. Karkata sulen a ƙarƙashin fitila ɗaya ka duba gindin harafin. Na asali yana tasowa ne daga jikin sulen, ƙarfen ya hau a hankali ba tsaga. Na liƙi yana zaune a kai, da siririn rami ko duhu kewaye da shi, wani lokacin launin wurin ya sauya saboda zafin walda, ko an cusa datti da gangan don a rufe mahaɗar. Wanda aka sa da gam, asiton zalla, sinadarin da ke narkar da gam, kan ɗaga shi. Akwai kuma masu huda gefen sule su turo harafin daga ciki, su toshe hudar, shi ya sa ake duba haƙoran gefe daidai saitin harafin.

Ita 1893-S akwai abin da ya sauƙaƙa ta. Da hatimin gaba guda ɗaya aka buga su duka, kuma yana da tabonsa: wani ɗan siririn layi a karkace cikin harafin T na kalmar LIBERTY da ke kan matar, da wasu 'yan ɗigo biyu a ƙafar R da ake kira kunnen zomo. Ko ta sha hannu yawanci ana ganinsu, don suna cikin lungu. Hoton da ba ya nuna wannan wuri bai nuna maka komai ba.

Sanin tarihin bugu ma yana kama da yawa tun daga hoto. Ba a buga Morgan ba daga 1905 zuwa 1920. Gidan bugu na Carson City, mai harafin CC, bai buga ta ba a 1886, 1887 da 1888, kuma bai sake ba bayan 1893, amma za ka ga jabu ɗauke da waɗannan shekarun. A kobon Amurka mai hoton Lincoln, ana kankare 4 na farko a 1944-D ya koma 1914-D (D harafin gidan bugu na Denver ne). Tazarar da ke tsakanin 9 da 1 na biyu takan yi faɗi, sannan akwai ƙananan haruffa VDB, na sunan wanda ya zana kobon, a ƙasan kafaɗa, waɗanda sai 1918 aka fara sa su a wurin.

Sabon Ɗalibi

Na gode ƙwarai Hajiya, na fasa wannan. To waɗanda kamfanonin tantance sulalla, PCGS ko NGC, suka rufe a cikin gidan roba fa? Na ɗauka su an gama tantance su.

Hajiya Mai Gilashi

Sun fi aminci nesa ba kusa ba, kuma sule mai tsada irin wannan bai kamata sabon shiga ya saye shi tsirara ba. Sai dai gidan robar ma ana yin jabunsa.

Kowanne yana da lambar shaida a takardarsa. Shigar da ita a shafin kamfanin da kanka, kada ka bi mahaɗin da mai kaya ya turo. Fitowar lambar ba ta isa ba, domin masu jabu lambar gaskiya suke kwafa su buga a gidaje da yawa. In kamfanin na da hoton sulen, ajiye shi gefe da gefe da na gwanjon, ka zaɓi tabo uku, misali karce a kumatu, ɗigo kusa da tauraro, dusashewar launi a gefe, ka neme su a ɗayan. Babu sule biyu da suka sha hannu iri ɗaya. Wannan ƙa'ida tana aiki ta ɗaya fuskar ma: in ka ga sulalla biyu daban-daban masu tabo iri ɗaya a wuri ɗaya, daga hatimin jabu guda suka fito, wanda aka kwafo daga sule na gaskiya har da raunukansa. Irin wannan tabon da aka kwafa cikinsa yana da sheƙi iri ɗaya da sauran fuskar, na gaske kuwa cikinsa ɗanyen karce ne.

Ka kula da kamfanonin da ba a san su ba, masu suna mai kama da na manyan. Ma'aunin daraja daga 1 zuwa 70 yake, kuma akwai masu injin liƙe roba a ɗaki da ke rubuta 68 a kan duk abin da suka ga dama.

Baban Zainab

Ƙari kaɗan kan ranar da kaya ya iso. Kunna bidiyo tun kafin ka yanka kwalin, lambar aike ta fito, ka buɗe ka ɗora a sikeli ba tare da ka tsayar da ɗauka ba. Kada ka wanke, kada ka gwada da asid ko ka karce, kada ka fasa gidan roba. Kowanne daga ciki zai ba mai kaya hujjar cewa kai ka ɓata.

Wa'adin ƙorafi gajere ne, a eBay kwana 30 ne daga isowar kaya, kamfanonin tantancewa kuma sukan ɗauki makonni. In akwai shakka, kai wa dillalin da ke da na'urar gwajin ƙarfe a satin farko, ka karɓi bayaninsa a rubuce, ka buɗe ƙorafi a kan cewa kayan ba abin da aka tallata ba ne. "Ba a mayarwa" da ya rubuta bai shafi jabu ba. In ya fara lallashinka da ka dakata zai turo wani a madadin, ko ka rufe ƙorafin tukuna sannan ya biya, kwanakin yake so su ƙare. Ƙorafin da ka rufe da hannunka ba kasafai ake sake buɗe shi ba.