Me za mu kira "surpopulation" da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum ƴan uwa. Muna haɗa wani shirin rediyo nan Maradi kan mutanen duniya da abin da ƙasa ke iya ciyarwa. Takardar da aka miƙo mana da Faransanci take, ko'ina cikinta surpopulation. A labarai an saba cewa "yawan jama'a", ni dai ba ta kwanta mini ba. A kunnen Bahaushe jama'a rahama ce, in aka ce gidan wane akwai jama'a ai yabo ne. Kalmar Bature kuwa ƙorafi take yi, cewa an zarce iyaka. Yawan kam akwai shi: a 1960 mutanen duniya miliyar 3 ne, ranar 15 ga Nuwamba 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an cika miliyar 8. Nan Nijar ƙidayar 1977 ta samu miliyan 5 da ɗoriya, ta 2012 miliyan 17, jihar Maradi kaɗai miliyan 3.4. To wace kalma za ta ɗauki ƙorafin?

Wani ɗalibin jami'a: Malam, a ce "cunkoson jama'a" mana.

Mai tambaya: Ƙanena, cunkoso na tasha ne da babbar kasuwa ranar Juma'a, in an watse ya wuce. Kuma in da cunkoso ne ciwon, da Holand ta riga mu kuka. Su sama da mutum 500 ne a kowace murabba'in kilomita, mu wajen 20, amma albasarsu har kasuwannin Afirka ta Yamma take zuwa.

Ɗalibin: Gaskiya ne Malam, sai dai wannan 20 ɗin ruɗi ce. An raba mu ne har da Tenere, inda ba a shuka ko ƙwayar hatsi. Yawancinmu a ɗan zirin kudu muke matse.

Wani dattijo daga wajen Tibiri, ɗansa ke rubuta masa: Ƴaƴana, ku da kuke boko kuna neman suna, mu abin muke gani. Lokacin mahaifina, in gona ta yi sanyi sai a bar ta maiso ta huta shekaru, a shiga daji a yi sassabe. Yanzu ina dajin? Gandun da mutum ɗaya ya noma an raba wa ƴaƴa, ƴaƴan sun raba wa nasu, har ka ga magidanci da ɗan fegin da in ya tsaya wannan kunya yana magana da maƙwabci a waccan ba tare da ɗaga murya ba. Hatsin ba ya kai shi bazara. Sai jingina, daga jingina sai sayarwa ga mai kuɗin birni. Wasu sun nausa arewa wajen Dakoro, sun ƙetare iyakar noman da gwamnati ta shata tun 1961, sun shiga makiyaya, ga rigima da masu dabbobi. Mu dai cewa muke ƙasa ta gaji.

Wata malamar makaranta: Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta fi ta takardar. Abin da nake gudu game da "yawan jama'a" shi ne ko yaushe kan mace take sauka. A ce a matsakaicin lissafi kowace macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7.6 a 2012, a ce ya sauko 6.2 a 2021, shi ke nan an gama bayani. Ban ce haihuwa ba ta cikin lissafi ba, ina ganin ajin da ya cika har yara na zama bakin ƙofa. Amma Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Kuma waɗanda suka ga 2005 sun san akwai hatsi a kasuwannin jihar nan sa'ad da yara ke tamowa, kuɗin tiya ne ya gagari talaka. Ina son kalmar da za ta kama mai yawa, ta kuma kama mai ci da yawa.

Mai tambaya: Malama kin buɗe mini hanya. In na haɗa taki da ta Baba, ga abin da ya fito: "fin ƙarfin ƙasa". Ba ta ƙirga kawuna, awo take yi tsakanin abin da ake ɗiba da abin da ƙasa ke iya mayarwa. Ƙauyen da ya rasa maiso ya fi ƙarfin ƙasarsa. Birnin Amurka da ke zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa fiye da yadda damina ke zubawa shi ma ya fi ƙarfin tasa, ko da haihuwarsu biyu biyu ce.

Wani ɗan jarida: Abokina akwai tarko. "Ƙasa" biyu ce. In ka ce wane ya fi ƙarfin ƙasa, mai saurare zai ɗauka wani ƙusa ne da doka ba ta hawa kansa.

Mai tambaya: Na ji wannan, kuma ba ƙarya. Sai a farkon shiri a faɗe ta da cikarta, "jama'a sun fi ƙarfin ƙasar da ke ciyar da su", daga nan a gajarta.

Wani malamin gona daga Agye: Ni na goyi baya, don dalili ɗaya. Kalmar Bature tana sa mutum ya ji kamar ƙarfin ƙasa a ƙayyade yake, mutane ne kawai ke ƙaruwa. Mu nan mun ga akasin haka. Bayan yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, gonakin jihar nan sun zama fili fetal, iska na turbuɗe shuka da rairayi. A shekarun nan ne Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki Maradi a lokacin, da manoman karkara suka kama barin kututture ya tofo. Ka zaɓi rassa ƙwarara, ka sare sauran, ka kare su daga awaki da masu itace. Sassabin zamani ke nan. Yau ana ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 tsakanin Maradi da Damagaram. Ku je ku dubi hatsin da ke gindin gawo: da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su bar taki. Mutane sun ninka a wannan tsakani, itace ma ya ƙaru. Ban ce ya ishe mu ba, gona ba ta faɗaɗa don an bar mata gawo. Amma "fin ƙarfin ƙasa" ta bar wurin da za a ce an ƙara wa ƙasa ƙarfi, "yawan jama'a" ba ta bari ba.

Dattijon: Wannan in na ji ta a rediyo ba sai an fassara mini ba.

Mai tambaya: To Baba, an gama, ita za mu sa. Ɗan jarida, in masu saurare suka kira suna tambayar wane ƙusa muke nufi, kai za mu tura wa wayar.