Batirin salulata yana ƙarewa kafin la'asar, ina neman shawara

Malamin Ƙauye:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina koyarwa a wata makarantar firamare da ke wani ƙauye bayan Mirriya, iyalina kuma suna Damagaram, a unguwar Garin Malam, don haka salula ce kaɗai hanyar da nake jin lafiyar gida daga Litinin zuwa Juma'a. Wayar ta shekara biyu da ƴan watanni a hannuna, batirinta mai 5000 mAh ne (ma'aunin yawan wutar da batir yake ɗauka), kuma a da idan na cika ta da safe takan kai ni washegari da hantsi. Tun shigowar bazarar nan ba ta kai la'asar sai ta sauka kashi 20, ko da ban yi wani dogon kira ba. Abin da ya fi damuna shi ne shekaranjiya tana nuna kashi 35 ta ɗauke gaba ɗaya, a daidai lokacin da mai ɗakina take karanta mini sunan maganin da aka rubuta wa yaronmu. Layi biyu ne a cikinta, kuma tunda babu kuran a ƙauyen, wurin mai caji da janareta nake kai ta. Batirin ne ya mutu, ko wani abu ne yake cinye shi?

Mai Gyara Dole:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Kusa da Kasuwar Dole nake gyaran waya, kuma a watannin Afrilu da Mayu irin wannan kuka ya fi kowane yawa a teburina. Kafin ka saya komai, ka yi gwajin dare biyu. A daren farko ka rubuta kashin da take nunawa, ka sa ta a yanayin jirgin sama, ka ajiye ta har asuba ba tare da ka taɓa ta ba. A dare na biyu ka bar ta da layukanta a buɗe kamar yadda ka saba. Idan ta zube sosai a daren farko, alhali ba ta neman rezo ba ta karɓar saƙo, to batirin ne ya gaji. Idan kuwa kashi kaɗan ta sauka a daren farko amma ta zube a na biyu, neman rezo ne yake shanye ta, domin duk inda eriya ta yi nisa, waya takan ƙara ƙarfin da take aikawa da shi don kada layi ya kuɓuce mata, kuma taka layi biyu take riƙewa a lokaci ɗaya.

Sai dai ɗaukewar da ta yi a kashi 35 ba ta kwanta mini ba. Batirin litiyam yana rasa ƙarfinsa a hankali, kuma bayan cikawa da ƙarewa kamar sau 500 yakan koma ɗaukar kusan kashi 80 kawai na abin da yake ɗauka yana sabo. Idan ya tsufa, da zarar an nemi wuta da yawa a lokaci guda, kamar lokacin kira a wurin da rezo ba shi da ƙarfi, sai ƙarfinsa ya faɗi nan take wayar ta mutu, ko da lambar da ke kan allo tana nuna da saura. Ka kuma ɗora ta a kan tebur mai santsi ka duba ko bayanta ya ɗago ko allon ya fara rabuwa da jikinta. Idan batirin ya kumbura, kada ka sake sa mata caji, kada kuma ka danna shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Hajiyar Birni:
Malam, ka shiga saituna ka buɗe sashen batir, za ta jera maka manhajojin da suka fi cin wuta. Ni da na duba tawa, sai na tarar da rukunonin biki da na unguwa a WhatsApp suna sauke bidiyo da kansu dare da rana. Na hana saukewar sai wanda na zaɓa, na kuma rage hasken allo, domin a tsakar rana yakan ƙure haskensa da kansa.

Baba Na Zango:
Ɗana, ni wurin cajin ne na fi zargi, ba don janareta ba, sai don zafi. Ka lura da yadda ake jibge wayoyi ashirin ko talatin a kan katako ɗaya a ƙarƙashin kwano, a lokacin da ma'aunin zafi ya haura digiri 40. Masu ƙera wayoyi da kansu suna gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana iya lalata batir lalacewar da ba ta gyaruwa, caji kuma yana ƙara masa nasa zafin. Ka riƙa kai ta da sassafe ko bayan magariba, ka cire mata riga, ka tafi da cajarka ta asali, kuma kada ka jira ta mutu kafin ka kai ta.

Malamin Ƙauye:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. A daren farko ta sauka daga kashi 80 zuwa 74, a na biyu kuma daga 80 zuwa 49. Na rufe layi ɗaya, na mayar da ɗayan kan tsohon tsarin rezo na 2G muddin ina ƙauye, kuma jiya ta kai ni isha'i. Bayanta bai kumbura ba, amma yau da rana ta sake ɗaukewa a kashi 30 ina tsakiyar kira, saboda haka ranar Asabar idan na shigo gari zan biyo ta Dole a duba mini batirin, in sha Allah.