Ƙarar kunnena tana ƙaruwa in na ɗaga ƙarfe, in daina ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara, hankalina a tashe yake. Shekarata 34, shekara tara ina aikin injin niƙa. Wata uku ke nan da na fara zuwa gidan motsa jiki, saboda tumbi ya fito, ko bene na hau sai na tsaya na huta, ga shi mahaifinmu hawan jini ne ya kwantar da shi. Kuɗin wata shida na biya gaba ɗaya. Tun bara kunnena na hagu yake ƙara kamar kukan gyare, amma da daddare kaɗai. Yanzu duk ranar da na ɗaga ƙarfe sai ƙarar ta ninka, wani lokaci har washegari. In daina ne?

Malam mai gwajin ji: Wa alaikumus salam. Kada ka daina motsa jiki, amma ka ajiye ƙarfe mai nauyi na sati biyu. Idan mutum ya riƙe numfashi ya yi nishi zai ɗaga kaya, jini yana hawa nan take, matsin ya kai har cikin kunne. Ga cije haƙora da ɗaure wuya. Jijiyoyin muƙamuƙi da na wuya suna iya ƙara ƙarfin ƙarar. Gwada yanzu: cije haƙoranka da ƙarfi, ka juya wuya. In sautin ya canza, akwai hannunsu. Abu uku ba ka faɗa ba: ƙarar tana tafiya da bugun zuciyarka? Jinka ya ragu? Kana jin jiri?

Koci: Malam, ba sai ya ajiye ba. Ɗan'uwa, rage nauyin zuwa wanda za ka ɗaga sau 12 zuwa 15 ba nishi. Fitar da numfashi lokacin ɗagawa, ja lokacin saukewa, baki a ɗan buɗe. Ɗumama jiki minti 10 tukuna. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne lasifikar da ake ƙurewa a wuraren nan, sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka, kuma ba mai tsawatarwa.

Anti Nas: Ƙanena, auna jininka kafin komai, tunda akwai gado. Ka zauna minti biyar tukuna, a auna safe da yamma kwana uku. In yana kai 140/90, ga likita. Sannan wane magani kake sha? Kwinin, asfirin mai yawa, ibuprofen da diclofenac da masu ɗaga ƙarfe ke sha kamar gyaɗa, duk suna iya tayar da ƙarar. Allurar gentamicin kuwa tana iya lalata ji har abada, amma wasu kemis haka suke yi wa mutane ita ba takardar likita.

Mai tambaya: Na gode. Diclofenac nake sha bayan atisaye, sai dai ba kullum ba. Injin niƙan kuwa ban ga laifinsa ba, shekara takwas ba abin da ya same ni. Ina kuma saka abin jin sauti a kunne a gidan motsa jikin don in toshe kiɗan wurin. Ina ɗiga man tafarnuwa ma, kuma kamar ana samun sauƙi.

Malam mai gwajin ji: Injin shi ne babban abin zargi. Hayaniya a hankali take cinye ƙananan gasun da ke can cikin kunne, kuma in sun mutu ba sa sake tsirowa. Shi ya sa ake shekaru ba a ji komai ba. Ma'aunin ƙarfin sauti na wurin aiki desibel 85 ne na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu. In sai ka yi ihu wanda ke gabanka zai ji, ka wuce ma'aunin. Sayi matoshin kunne na soso: murza shi ya sirance, ja saman kunnen, tura, riƙe har ya kumbura. Toshe kiɗa da wani kiɗan ƙarin ɓarna ne. Kada sautin wayarka ya wuce kashi 60 cikin 100. Man tafarnuwa ka daina har a leƙa dodon kunnen. A sati biyun nan yi tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a sati, tana gyara barci da hawan jini. Ƙarar kunne ɗaya tana buƙatar gwajin ji, ko a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko sashen kunne na asibitin koyarwa mafi kusa. In ji ya ɗauke farat ɗaya, ko jiri ya kama ka bayan ɗaga kaya, ranar za ka tafi. Har yanzu ba ka amsa maganar bugun zuciya ba.

Koci: Sati biyu ba ƙarfe ya yi yawa, Malam. Numfashi kawai zai gyara.

Mai tambaya: Wani lokaci kamar tana bugawa in na gama, ban tabbata ba. Matoshin kuma in na saka ba zan ji masu kawo niƙa ba. Gwajin sai ƙarshen wata. Gobe ranar atisayen ƙirji ce, in na rage nauyin rabi zan iya zuwa?